Mahaucin Wudil da Zakanyar Arbab

Mika'ilu Sabo mahauci ne ɗan mahauci, kuma bai taɓa ɓoye haka ba ko a Dubai, garin da ɗan dako ke buga waya gida ya ce harkar kago yake yi. A kwatar Wudil ya buɗe ido. Yana da shekara goma sha biyu ya iya feɗe akuya ba tare da ya huda fata ba, kafin ya kai ashirin kuwa, idan ya dafa gadon bayan bijimi zai gaya maka yawan kitsen da ke cikinsa. Abin da bai iya ba shi ne zama da mutane. Gajere ne mai faɗin ƙirji da kakkausar murya, kuma ba a gaya masa magana ta kwana a cikinsa. Rigima da yayansa a kan rumfar ubansu ce ta fitar da shi daga gida. Ya bar matarsa Saratu da 'ya'ya uku, wani ejan ya samo masa biza, ya sauka a wani shagon nama a Al Qusais yana da shekara talatin da huɗu.

Su shida ne a ɗakin da ya samu, gado bisa gado. Na samansa Musbahu ne, Bakano mai ɗaure kaya a kasuwar Naif, wanda tun makon farko ya fara toshe hanci idan Mika'ilu ya shigo, yana cewa ɗakin ya koma kwata. Sun yi dambe sau ɗaya a kan wannan. Bayan nan suka ci gaba da zama tare, ba shiri, ba rabuwa.

Shekararsa biyu a shagon aka fara aikensa kai kaji wani gida a unguwar masu hali, tsoka zalla, ba ƙashi ba fata, kullum da safe. Wata rana mai aikin kicin ta ce ya shigar da kayan da kansa, ita ta gaji da yaƙushi. Ya zagaya ta baya, ya tarar da wani ɗaki mai farin tayil da ƙofar gilashi, esi na ta busawa, talabijin na surutu a bango, ga wata 'yar dabba mai manyan ƙafafu tana yagar filo. Ya ɗauka kyanwa ce irin ta masu kuɗi, sai da ta buɗe baki. Ya cafke ta ta ƙeya kamar ɗan akuya mai gardama, ya ajiye ta gefe, ya zuba mata naman. Ashe mai gidan yana kallo ta bayan gilashi. Dillalin motoci ne, ma'aikatansa arbab kawai suke ce masa, wato maigida, kuma har Mika'ilu ya bar gidan bai taɓa kiransa da wani suna ba. Kafin wata ya ƙare an mayar da bizarsa gidan, ya zama mai kula da zakanya.

Warda aka sa mata. Tana da wata takwas ta yaƙushi wani baƙo a cinya, jini ya ɓata masa farar jallabiya. Washegari wani mutum ya zo da jaka. Ba a ce likita ne ba, Mika'ilu kuma bai tambaya ba. Ya yi mata allura, aka kwantar da ita a kan teburin kicin, aka ce Mika'ilu ya danne. Allurar ba ta isa ba. Ana cikin ƙafa ta biyu ta farka, ta fara wani irin kuka da bai taɓa ji ba. Ya hau kanta da gwiwa, ya cusa fuskarta a hammatarsa, ya riƙe har mutumin ya gama cire faratan ƙafafun gaba, ya sa magagari ya goge mata fiƙoƙi huɗu. Mika'ilu ya sha danne bijimai ana yankawa, amma bijimi ba ya tashi bayan an gama ya dube ka.

Daga ranar ba su sake zama lafiya ba. Idan ta ji warinsa tun yana bakin ƙofa sai ta kwantar da kunne. Shi kuma ya samo sandar ƙarfe da tiyon ruwa, ya koyi inda ake dukanta ba ya nunawa. Duk ranar da arbab zai yi baƙi, Mika'ilu ne ke cusa ƙwayar barci a cikin kaza, ya jira idanunta su yi nauyi, ya sa mata sarƙa mai ruwan zinariya, a jawo ta falo mutane su dafa kanta a ɗauke su hoto. A shekara ta huɗu ya yi sakaci, ta kama masa damtsen hagu. Haƙoran ba su da tsini, saboda haka ba su huda ba, murƙushewa suka yi. Har yau hannun ba ya miƙewa sosai. Ya kira ta da duk sunan da ya sani, ya kuma rantse wa Musbahu cewa da dabbarsa ce da tuni ya feɗe ta. Musbahu ya ce, "Ai matarka ce ta Dubai, ka yi haƙuri da ita." Suka yi mako ba sa magana.

Shekara shida ta yi a ɗakin nan mai tsawon taku tara. Ba ta taɓa taka ƙasa ba.

Wani baƙo ne ya sa bidiyonta a waya, abin ya yaɗu, kuma ajiye irin waɗannan dabbobi a gida laifi ne a ƙasar. Hukuma ta zo wata safiya da mota mai keji. Arbab yana ƙasar waje, bai kuma dawo da wuri ba. Mika'ilu aka tarar, shi aka tafi da shi. Kwana biyu ana yi masa tambayoyi, aka ga dai ma'aikaci ne, aka sake shi. Warda kuwa aka kai ta wata mafakar namun daji can bayan gari, inda gine-gine suka ƙare sai rairayi da itatuwan gaf. Shugaban wurin yana neman mahauci, ya ji labarin mutumin da ya san zakanyar tun tana jaririya, ya aika a kira shi. Mika'ilu bai so ba. Amma bizarsa ta mutu tare da aikinsa, bai kuma shirya komawa Wudil ya zauna ƙarƙashin yayansa ba.

Wurin ba gidan kallo ba ne, ba a sayar da tikiti. Filaye ne manya da aka zagaye da waya ninki biyu, kowanne da ɗakin siminti mai sanyi da kududdufi. Akwai wani tsohon zaki, Jabal, da aka karɓo daga masu wasa da dabbobi, rabin gezarsa ta zube. Akwai damisa da ta shige cikin wani bututun siminti ta yi wata biyu ba wanda ya ga komai nata sai ido. Akwai wasu 'yan zakuna biyu masu karkatattun ƙafafu saboda madarar gwangwani da aka raine su da ita. Duk wanda aka kawo wurin da irin ɓarnar da mutum ya yi masa.

Ranar farko aka ce ya je ya ga likitar dabbobi. Ya shiga ya tarar da doguwar mace siririya da farin gilashi, hijabinta a cushe cikin rigar aiki, ya karanta sunan da ke ƙirjinta: Dakta Sa'adiyya Ɗalhatu. Ransa ya yi fari. Shekara takwas yana fama da guntun Larabci da guntun Turanci a wurin aiki.

"Ranki ya daɗe, ashe 'yar gida ce! Ina kwana?"

Ta ɗago ta dube shi. Hoton ƙashin ƙafar Warda yana manne a jikin fitila a bayanta.

"Lafiya," ta ce. "Malam Mika'ilu ko? Aikinka ɗakin nama. Za ka yanka abin da na rubuta, yadda na rubuta. Ba ka zuwa kusa da filayen. Ba ni na nemi a ɗauke ka ba, gara ka sani tun yanzu."

"To me na yi miki?"

"Ni ba ka yi min komai ba."

Ta mayar da kai kan takardarta. Ya fito yana huci. Daga baya ya ji 'yar Zariya ce, ta girme shi a karatu, ya girme ta da shekara goma, kuma da sauran ma'aikata tana dariya har da tafa hannu. Shi kaɗai ne ba ta sakar wa fuska. Ya sa mata suna Hajiya Allura, yana faɗa a ɗaki, Musbahu yana tayawa, abu na farko da suka taɓa haɗuwa a kai.

Warda ta gama kwanakin keɓewa aka buɗe mata ƙofar fili. Ba ta fita ba. Ta leƙa, hasken rana ya dake ta, iska ta kaɗa ciyawa, ta ja da baya da sauri har ta bugi bango. Ɗakin simintin ya ninka nata na da sau biyu, amma taku tara take yi ta juya, taku tara ta juya, tun safe har ƙafafunta su fara jini. Kuma ta ƙi cin abinci. Likita ta rubuta naman raƙumi da ƙashinsa, Mika'ilu ya sara, masu ciyarwa suka kai, aka dawo da shi ƙudaje na bi. Ta rubuta cinyar sa. Ta rubuta zomo da gashinsa. Mika'ilu yana yankawa yana tsaki, bai ce komai ba. Ya san dalili tun ranar farko. Ya ce a ransa, tunda ita ce mai digiri, ta nemo.

Kwana goma sha ɗaya aka yi haka. Haƙarƙarin zakanyar ya fito, ana iya ƙirgawa daga nesa. Ranar sha biyu da hantsi likita ta turo ƙofar ɗakin nama, ta tsaya cikin sanyi, idanunta sun faɗa.

"Me take ci a can?"

Bai ɗago ba. Ya ci gaba da wasa wuƙa.

"Malam Mika'ilu, da kai nake."

"Au, yau an san sunana? Ai na ɗauka abin da kika rubuta kawai zan yanka."

"Idan ta kai jibi sai mun sa mata barci mun zura mata roba, kuma ba na jin zuciyarta za ta ɗauka. Ka sani ko ba ka sani ba?"

Ya ajiye wuƙar. "Ba ta san ƙashi ba. Ba ta san jan nama ba. Tsokar kaza, ba fata, a ɗan sa ta a ruwan ɗumi. A kwanon silba, a ja shi a ƙasa ta ji ƙararsa. Kuma ba ta ci a shiru. Can talabijin ake kunna mata, tashar ƙwallo. Ku kun ajiye ta a wuri tsit kamar maƙabarta."

"Tun yaushe ka san wannan?"

"Tun da aka kawo ta."



"Kwana goma sha ɗaya kana kallo ana dawo da nama."

"Kwana goma sha ɗaya ba ki tambaye ni ba."

"Dabba tana mutuwa, kai kana jira a gaishe ka."

"Ke kuma kina jira ta mutu don kada ki yi magana da mahauci."

Ta juya za ta fita, sai ta tsaya riƙe da ƙofa. "Wanda ya cire mata farata bai cire farce kawai ba. Gaɓar yatsa ya datse, ya bar guntayen ƙashi a ciki. Duk takun da take yi kamar ka taka fasasshiyar kwalba ne. A hoton na ga yankan ƙafar dama ya karkace, alamar tana motsi. Ba ta yi barci ba ke nan. Wa ya riƙe ta?"

"Ni."

"Na sani. So nake na ji ka faɗa."

Da la'asar aka rataye rediyo a jikin waya, aka ja kwanon silba a kan siminti. Warda ta daina zagaye, ta zo, ta cinye tas, ta lashe kwanon. Ma'aikata suka yi ta murna, wani ɗan Uganda mai ciyarwa ya zo ya rungume Mika'ilu. Likita ba ta ce masa an gode ba. Washegari dai a takardar yanka ya ga ta rubuta kaza, da ɗan ƙaramin yanki na naman raƙumi a gauraya.

Haka aka yi ta tafiya a hankali. Kowane mako jan nama na ƙaruwa, kaza na raguwa, ana rage muryar rediyo. Likita ta sa aka sayo tayil irin na gida, aka jera daga bakin ƙofar ɗakin zuwa cikin fili kamar hanya. Mika'ilu ya yi dariya da ya ji. Ya ce saura a saya mata kujera da kafet. Amma bayan kwana shida Warda ta bi tayil ɗin har ƙarshe, ta tsaya, ta shinshina rairayi. Sai aka fara cire ɗaya-ɗaya, ana barin rata. Ɗan Ugandan ne ke kawo masa labari ɗakin nama: yau ta sa ƙafa a ƙasa ta ɗage tana yarfewa kamar ta taka wuta, yau ta tsallake rata biyu, yau tsuntsu ya sauka ta gudu ciki. Ranar da Jabal ya yi ruri daga filinsa, ta kwanta ta yi fitsari a wurin don tsoro. Ba ta taɓa jin muryar zaki ba.

Mika'ilu yana ji yana cewa ba ruwansa. Amma ya fara zare jijiya daga namanta da kyau fiye da na sauran, don ya san haƙoranta ba sa yanka. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya lura.

Da sanyi ya shigo aka yi mata aiki a ƙafafun gaba, aka ciro guntayen ƙashi bakwai. Ana neman masu ƙarfi su ɗaga ta zuwa tebur, ya miƙe, likita ta ce, "Ban da kai." A gaban kowa ta faɗa, da Turanci, don kowa ya ji. Ya koma ya sari ƙashin raƙumi har gatarin ya kafe a gungume.

Bayan mako uku aka ce ta warware, har an gan ta kwance ƙarƙashin itacen gaf tana birgima. Wannan ne ya tsaya masa a rai. Shekara shida yana wanke kashinta, yana kwana da warinta a jikinsa, ta lalata masa hannu, amma kowa a wurin ya gan ta a kan ƙasa ban da shi. Ranar wata Talata da azahar, masu ciyarwa sun tafi cin abinci, ya cire rigar aiki, ya bi ta bayan ɗakin magani, ya tsaya a jikin waya ta waje.

Tana can nesa a inuwa. Ta yi ƙiba, gashinta ya yi duhu, ƙura ta manne mata a ciki. Da bai san ta ba da ya ce wata ce. Ya tsaya yana kallo, bakinsa a ɗan buɗe. Sai iska ta juya.

Ta ɗago kai. Kunnuwan suka kwanta. Bai ga lokacin da ta tashi ba, ganinta kawai ya yi tana tahowa, ƙasa na tashi a bayanta, ba gurnani ba komai, har ta daki wayar ciki da dukan nauyinta. Turakun suka girgiza. Ta koma baya ta sake dukan wayar, ta sake, tana cizon ƙarfe da guntayen haƙoranta, jini na zuba daga leɓenta, ɗinkin ƙafar dama ya ɓalle. Mika'ilu ya faɗi zaune. Da ya tashi, maimakon ya gudu, sai ya tsaya yana zaginta.

"Tsinanniya! Butulu! Wa ya ciyar da ke? Ba don ni ba da tuni kin mutu! Zo ki cinye ni, ga ni nan!"

Yana cikin haka aka janye shi ta baya.

A ofis likita ba ta ɗaga murya ba. Rigarta duk jinin zakanya, don sai da ta sake ɗinke ƙafar. Shugaban wurin yana zaune, amma da Hausa ta yi magana.

"Wata biyar muka yi kafin ta kwanta a inuwar nan. Yanzu tana ciki tana taku tara."

"Kallonta kawai na je yi."

"Na ce kada ka je."

"Kin ce! Kullum kin ce! Ranki ya daɗe, bari in tambaye ki. Ni na sayo ta? Ni na kira mai jaka? Ni ake ɗauka hoto? Wanda ya yi duk wannan yana can yana shan iska, ba ki taɓa ganin fuskarsa ba. Ni da aka ce danne na danne, ni kika samu. Da na ƙi, washegari ina jirgi, a kawo wani ya danne. Ke kin zo da takardunki, an ba ki ofis, an ba ki fulat, ba a taɓa riƙe miki fasfo ba. Kin san abin da ake ce wa mutum ya yi a cikin gidajen nan?"

"Na sani. Ina ganin sakamakonsa a kan teburina."

"To don me kika tsane ni?"

"Ranar farata an ce ka danne. Na yarda. Sandar ƙarfe fa? Akwai karaya biyu da suka warke a haƙarƙarinta. Ita ma arbab ne ya ce?"

Ya kawar da kai, ta ci gaba.

"Ban ce kai kaɗai ne mai laifi ba, Malam Mika'ilu. Amma ita ba ta san arbab ba. Kai ta sani. Ko ba ka zo waya ba, warinka yana kan kowane nama da ake kai mata. Na daɗe ina zargin shi ya sa take jan abincin ta yi ta wurgi da shi kafin ta ci. Ba za ta zauna lafiya ba kana nan."

"Sai ki ce kora ta za ki yi."

"Na riga na gaya wa shugaba. Ni ko kai, ya zaɓa."

Shugaban ba ya jin Hausa, amma ya gane an zo ƙarshe. Ya buɗe hannu ya ce, "Khalas, habibi," wato zance ya ƙare, abokina. Ya yi wa Mika'ilu adalci dai: ya ba shi wata guda ya koya wa wanda zai gaje shi, ya kuma rubuta masa takardar shaida mai kyau. A watan nan an hana Mika'ilu taɓa naman Warda ko da safar hannu. Wani ɗan Pakistan ne ke yankawa, shi yana tsaye daga nesa yana yi masa tsawa a kan jijiya. A mako na uku ta sake fita fili. Aka ce ta daina wurgi da abinci. Wannan labarin ya fi korar yi masa ciwo, don ya nuna matar ta yi gaskiya.

Ranar da ya bar wurin bai yi sallama da kowa ba sai ɗan Ugandan. A ɗaki Musbahu ya ce, "An sako ango ke nan?" Mika'ilu ya ɗauki jakarsa a ranar ya koma Al Satwa, inda ya samu aiki a wani ƙaramin shagon nama tsakanin teloli biyu. Da Saratu ta tambaye shi a waya me ya faru, ya ce aikin ne ya ƙare. Ta ce, "Baban Ummi, ko dai halin nan ne?" Ya kashe wayar, sai bayan kwana biyu ya sake kira.

A Satwa yake har yanzu. Ya kai arba'in da biyar, furfura ta cika masa gemu. Matan Filifin da ke sayen nama a wurinsa suna tsoronsa, amma ba sa zuwa wani shagon, don ba ya cusa kitse a ƙasan leda. Ba ya ba da labarin zaki. Idan 'yan gida sun taru ranar Juma'a wani ya ce, "Ga wanda ya yi kiwon zaki," sai ya tashi ya bar wurin.

Sau ɗaya suka sake haɗuwa da likita, ana saura kwana kaɗan azumi, a wani lungu na Naif. Ya je sayen atamfa da takalman yara da zai aika gida, ita kuma tana fitowa daga shagon jakunkuna da ƙanwarta. Lungun ya matse da masu tura kaya, ba hanyar kaucewa.

"Malam Mika'ilu."

"Likita."

Ba wanda ya tambayi lafiyar wani. Wani mai kura ya yi musu tsawa, "Yalla, yalla!" suka matsa jikin bango.

"An haɗa ta da Jabal," ta ce. "Wata biyu ke nan. Ranar farko ta mare shi, ya bar mata inuwa. Yanzu tana cin haƙarƙarin raƙumi, tana gwaguyar ƙashi da turame. Ta fara ruri, muryar ba ta da daɗi, amma tana yi."

"Ban tambaye ki ba."

"Ba ka tambaya ba."

"Ƙafar fa?"

"Tana ɗingishi da ta dama. Ba za ta daina ba."

Ya gyaɗa kai. Ƙanwar tana kallonsu, ta rasa ko gaisawa za ta yi.

"Sabon mahaucin naku," ya ce, "ki gaya masa ya daina sara ƙashi a tsaye, yana barin tsini. Na gaya masa sau goma, kansa kamar dutse."

"Ya fi ka jin magana."

"Bai fi ni iya yanka ba."

"Bai fi ka ba," ta ce, ba tare da ta saki fuska ba. Ta kama hannun ƙanwarta suka kutsa cikin mutane.

Mika'ilu ya shiga shagon takalma, ya yi ta faɗa da mai shagon a kan lambar ƙafar autarsa, wadda rabonsa da ganinta tun tana rarrafe. A ƙarshe ya ɗauki lamba biyu daban-daban, ya ce wanda bai yi mata ba a ba 'yar maƙwabta.